Muhawara: Me za mu kira aikin da aka yi da gaske amma aka saɓa saiti?

Malam na Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana harshe. Mutum ne ya yi aiki da zuciya ɗaya, bai yi ha'inci ba, bai yi ƙyuya ba, ya zuba dukiya da ƙarfi, amma shawarar da ya ɗora aikin a kanta tun daga tushe ba ta da ƙafa. Me Bahaushe ke kiran irin wannan aiki? Ba malalaci nake nufi ba, ba kuma ɓarawo ba. Abin da ya jawo tambayar, hira ce ta kai mu kan aikin noman rani na Marte a Jihar Barno. Wani ya ce aikin banza, wani ya ce aikin baban giwa, ni kuwa duka biyun ba su kwanta mini ba.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Aikin baban giwa mana, Malam. Me ya rage kuma?

Maman Tagwaye: Shuka a idon makwarwa.

Ɗan Sabon Gari: Ko kuma a taƙaice a ce wauta, a huta.

Malamar Hausa: Ku dakata, kada ku cusa su a buhu ɗaya. Aikin banza da aikin baban giwa ƙarshen abu suke faɗa: an wahala, ba a samu komai ba. Ba su gaya maka dalilin rashin ba. Manomin da fari ya cinye gonarsa ma wahalarsa ta tashi a banza, alhali bai yi kuskuren komai ba. Shuka a idon makwarwa ta ɗan matso kusa, domin mai shukar yana ganin makwarwa, makwarwa tana ganinsa, ya kuma zuba irin. Wauta kuwa ba aikin take siffantawa ba, mutumin take zagi. Shi Malam, in na fahimce shi, kalmar da yake nema ita ce wadda za ta ɗora laifin a kan shawara, ta bar niyya da hankalin mai aikin. Ni abin da ya fara zo mini shi ne gurguwar shawara.

Malam na Gwale: Madalla, Malama, kin gane inda na dosa.

Auta: Don Allah a yi wa na baya bayani. Ni Marte a labaran Boko Haram kawai nake jin sunanta. Wane aiki aka yi a can?

Injiniya Mai Ritaya: To ƙanena, saurara. A 1973 gwamnatin Gowon ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, hedikwatarta a Maiduguri. Babban aikinta shi ne shirin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000, a noma alkama da rani, shinkafa da damina. Aka haƙa babbar hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 30 daga tafkin zuwa Kirinowa, inda aka girke manyan injinan da za su ɗaga ruwan su tura shi ƙananan magudanai. Aka gina gidan wuta, aka gina gidajen ma'aikata, har sabon gari ya tashi, shi ne Sabuwar Marte. An ƙaddamar da kashi na farko a 1979.

Matsalar ita ce lissafin da aka yi an yi shi ne da ruwan shekarun 1960, lokacin da tafkin ke cike, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Shi kuwa Tafkin Chadi ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai, kuma rana na shanye kimanin mita 2 daga samansa duk shekara. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, wato ruwan saman da aka yi a can Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da Kamaru. In damina ta gaza a can, ruwa ya sauka da mita biyu ko uku, bakin tafkin sai ya ja baya da kilomitoci masu yawa. Haka aka yi a farin 1972 zuwa 1974, aka sake mafi muni a 1983 da 1984. Sai ga hanyar ruwa, ga injina, ga gonaki an daidaita, amma bakin hanyar yana kan busasshiyar ƙasa. A shekarun da ruwan ya ɗan dawo ma, ɗan yanki kaɗan na filin aka iya shayarwa.

Auta: Innalillahi. Wato an gina famfo ba a tabbatar da rijiya ba.

Baba Kaka Barno: Injiniya ya faɗi ta takarda, bari in ƙara ta ƙasa. Wannan filin da aka ce za a raya, ba matacce ba ne. Ƙasar firki ce, baƙar laka mai riƙe ruwa. Tun kakanninmu, in damina ta ɗauke, ana dasa masakwa a kanta, dawar da ba ta buƙatar ban ruwa ko sau ɗaya, danshin ƙasa da sanyin hunturu sun ishe ta, a girbe wajen Janairu ko Fabrairu. Ba inji, ba man dizal, ba kwangila. Sannan da ruwan tafki ya ja baya, me talakawa suka yi? Bin sa suka yi. Barebari da Shuwa da Hausawan da suka zo kamun kifi Baga, kowa ya shiga inda ruwa ya janye ya shuka masara da wake, aka yi ta lodin buhuna a motoci zuwa kasuwanni. Mutanen da ba su yi boko ba sun san tafkin nan tafiya yake yi, sai ka bi shi. Masu digiri suka zo suka kafa masa siminti suka ce ya tsaya nan. Da an tara dattawa goma an tambaye su, da an ji.

Bafulatanin Adamawa: Baba, da an tambayi Babarbare ai cewa zai yi a bari sai ya gama shan shayi. Mu da muke kai shanu bakin tafkin muka fi ku sanin halinsa.

Baba Kaka Barno: Kai bawana, yi mini shiru. Kai da ruwan tafki sai dai ka ga saniya ta sha.

Abu Hanifa: Ni dai ina ganin ana zaluntar mutanen nan. Fari daga Allah yake. Wa ya san gaibu? Da ruwan bai janye ba, da yanzu yabonsu muke, muna cewa sun ciyar da Najeriya da alkama. Don abu bai yi nasara ba sai a ce shawarar gurguwa ce? Wannan ƙaddara ce kawai. Bayan abu ya faru kowa malami ne.

Malamar Hausa: Wannan magana tana da nauyi, kada a yi saurin ture ta. Akwai fargar jaji, akwai ihu bayan hari, kuma mu masu sharhi mun fi kowa iya su. In har ba wanda zai iya hango janyewar ruwan, to Abu Hanifa ya yi gaskiya, sunan abin tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Tambayar ita ce: an sani ko ba a sani ba?

Injiniya Mai Ritaya: An sani, Malama, ko kuma a ce sanin yana nan ajiye ga mai son dubawa. Wani hafsan Faransa, Jean Tilho, ya auna tafkin a farkon ƙarni na 20, ya tarar ɓangaren arewa ya ƙafe. Shi ne daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙaramin Chadi, matsakaici, da babba. Wato tun kafin a zana aikin Marte da shekaru masu yawa, a rubuce yake cewa tafkin nan yana kumbura yana motsewa. Na biyu, a 1973, shekarar da aka kafa hukumar, tafkin ya rabe biyu saboda fari, tudu ya fito tsakanin kwarin arewa da na kudu. Ba labari aka ba su ba, a gabansu aka yi. Shekaru shida ke nan kafin a ƙaddamar da kashin farko. Duk da haka aka ci gaba, har aka ƙara faɗaɗa aikin, bisa zaton cewa farin na ɗan lokaci ne, ruwa zai koma yadda yake a 1963. Sun ɗauki shekarun cika a matsayin su ne asalin halin tafkin, alhali su ne baƙi.

Ɗan Diffa: Gaskiya ne. Mu nan Nijar garin Ngigmi a bakin ruwa yake a da, jiragen kwale-kwale har gindin gari. Bayan farin nan sai ka yi tafiya mai nisa a mota kafin ka ga ruwa. Tsofaffinmu kuma suna cewa iyayensu sun taɓa ganin haka, ba sabon abu ba ne.

Abu Hanifa: To ko da hakan ne, niyyarsu alheri ce. Ana shigo da alkama daga waje da kuɗi masu yawa, suka ce bari mu noma tamu. Laifi ne?

Malam na Gwale: Ai nan ne gizo ke saƙar, Malam Abu. Ba wanda ya ce niyyar mugunta ce. Da mugunta ce da ban yi tambaya ba, kalmominta sun yi yawa. Abin da nake nema shi ne sunan alherin da aka harba inda ba nan ba.

Kwamared: Ku daina wahalar da kanku. Kuɗin mai ne ya shigo bayan 1973, manya suna neman inda za su ba da kwangila su karɓi kasonsu. Ko ruwa ya zo ko kada ya zo, su sun riga sun sha. Sunan abin sata, ba wata gurguwar shawara.

Injiniya Mai Ritaya: Kwamared, ban ce ba a ci kuɗi a ayyukan wancan zamani ba. Amma wannan amsa taka, da take shiga kowace tambaya, ita ce ke hana mu koyon komai. A ce an samo waliyyai an ba su aikin Marte, ba su taɓa ko kwabo ba, ruwan zai zo Kirinowa? Ba zai zo ba. An haƙa hanyar, an sayo injinan, sun kuma yi aiki lokacin da akwai ruwa. Aikin hannu bai gaza ba, lissafi ne ya gaza. In muka ce duk abin da ya lalace sata ce, to maganinmu kullum ɗaya ne, a kawo mai gaskiya. Sai mai gaskiyar ya zo ya maimaita kuskuren da amana.

Kwamared: To wa ya hana su sauraron masu cewa a dakata? Ba kwaɗayin kwangilar ba?

Injiniya Mai Ritaya: Wani lokaci kwaɗayi, wani lokaci kunya. Babban ma'aikacin da ya riga ya sa hannu, aka yi biki aka yanka zare, da wuya ya koma ya ce ranka ya daɗe a tsaya. Kuma wanda ya yi karatun gina madatsa da magudana, duk matsalar da ka kawo masa magudana zai gani.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa tun ɗazu jira nake wani ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Ba ita ce ta saɓa saiti ba?

Malamar Hausa: Ita ce, Hajiya, amma ba ta hau Marte ba. Ita tana nufin an bar mai laifi an kama wanda ba shi ba, ko an bar tushen matsala ana fama da reshe, kuma sau da yawa da gangan ake yi, don jakin ana jin tsoronsa. A Marte ba a kama wani mara laifi ba, an dai dogara da abin da ba shi da tabbas. Tubalin toka ya fi kusa da ita.

Ɗalibin Wuhan: In kuna son inda karin maganar Hajiya ta zauna daram, ku zo Sin. A 1958 Mao ya shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Laifin gwara wai tana cin hatsi. Aka fito da jama'a gari-gari, ana kaɗa tukwane da kwanoni da ganguna don kada tsuntsayen su sauka, har su gaji su faɗo matattu, ana farfasa ƙwai ana rushe sheƙa. Ba wanda zai ce mutanen nan ba su yi aiki ba, sun yi har ya wuce kima. Ashe gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, tana cin ƙwari, da su ma take ciyar da 'ya'yanta. Wani masanin tsuntsaye, Zheng Zuoxin, yana cikin waɗanda suka duba cikin tsuntsayen suka nuna haka. Da gwara ta yi ƙaranci sai fara da sauran ƙwari suka samu sake. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinta, amma lokacin ƙasar tana tsakiyar yunwar 1959 zuwa 1961 wadda ta kashe miliyoyin mutane.

Maman Tagwaye: Subhanallahi. Wannan ai garin neman gira ne aka rasa ido.

Ɗalibin Wuhan: Duka biyun sun hau, Mama. Sai dai kada a ɗora wa kisan gwara yunwar gaba ɗaya. An kwashe manoma daga gona an sa su narka ƙarfe a bayan gida, an tilasta gonakin gama-kai, jami'ai kuma suna aika alƙaluman girbi na ƙarya don su faranta wa na sama, gwamnati ta karɓi hatsi bisa ƙaryar. Jakin ke nan. Gwara taiki ce.

Manomin Hadeja: To mu da jan-baki ke cinye mana shinkafa da gero, har sai an kawo jirgi ya yi feshi, mu ma taiki muke duka?

Ɗalibin Wuhan: A'a Baba, jan-baki daban, tana sauka dubbai a gona ɗaya ta share ta, ɓarnarta a fili take. Bambancin shi ne a can ba a tsaya an auna amfanin tsuntsun da ɓarnarsa ba kafin a yanke masa hukunci.

Na Mafara: Ku sa Bakolori cikin lissahi. Anka gama dam ɗin 1978, anka tashi mutane daga gonakkinsu, diyya ba ta zo yadda anka yi alkawari ba, na ƙasan gulbi kuma fadamarsu ta rage samun ambaliyar da suka dogara da ita. Da manoma sunka tare hanya, a 1980 anka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma anka kashe mutane. Wanga mi za ku ce mai?

Malamar Hausa: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin dam ɗin ana iya gardama a kansa, ko gyara ne ko gyaran gangar Auzinawa. Amma harbin manomin da ke neman diyyar gonarsa ba kuskuren saiti ba ne. Zalunci ne, kuma bai kamata mu nema masa kalma mai laushi ba.

Ɗan Sabon Gari: Tunda an zo nan, canjin kuɗin 2023 fa? An ce za a kama masu sayen ƙuri'a da masu garkuwa, sai ga mai kayan miya da mai shayi su ne suka kwana a layin banki. Har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Kwamared: Yauwa! Yanzu ka zo. Wannan gwamnatin da kuka zaɓa...

Shugaban Zaure: Kwamared, a tsaya nan. Dokar zaure ta hana siyasar jam'iyya. Na goge saƙonni biyu. A koma kan harshe.

Malam na Gwale: Na gode, Shugaba. Malama, bari in ja da ke kaɗan. Na karɓi gurguwar shawara da farko, amma bayanin Injiniya ya sa ina ganin ta yi wa abin sauƙi. Gurgu ai ba shi ya gurgunta kansa ba. Wanda ya ga tafki ya rabe biyu a gabansa ya kuma ci gaba da haƙa, wannan ba ganganci ba ne?

Malamar Hausa: Ganganci shi ne ka san haɗarin ka take sanin. Kasada kuma ka san haɗarin, ka auna, ka ce zan gwada ko a dace, kamar ɗan kasuwar da ya saye hatsi da kaka yana fatan tsada. Garaje shi ne ba ka ma tsaya ka auna ba. Ni a ganina aikin nan bai tsaya a kalma ɗaya ba, tafiya ya yi. Lokacin da aka zana shi da alƙaluman shekarun cika, rashin hangen nesa ne. Bayan 1973, da aka ci gaba bisa fatan ruwa zai dawo, ya zama kasada, kuma da dukiyar jama'a. Da aka ƙara faɗaɗawa ruwa na ƙara ja baya, nan ne zan yarda da kai a ce ganganci, ko ma taurin kai.

Abu Hanifa: Har yanzu ban yarda da ganganci ba. Fari biyu a jere cikin shekara goma sha biyu, wa ya taɓa tsammani? Kasada dai na yarda.

Baba Kaka Barno: Ɗana, kasada da kuɗinka ake yi. In da na wani ne, sunanta ya canja.

Ɗan Diffa: To ga wata tana tafe, ku tanadi kalmarta. Shirin nan na Transaqua, a haƙo hanyar ruwa ta kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango a zuba cikin Shari don a cika tafkin. Wani kamfanin Italiya, Bonifica, ya kawo shi tun shekaru da dama, kuma a taron da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 shugabannin yankin suka goyi bayansa.

Injiniya Mai Ritaya: Ina biye da shi. Abin da ke damuna, hujjar da ake kafawa ita ce tafkin yana ƙafewa zai ɓace, ana nuna hoton 1963 kusa da na shekarun 1980. Amma masu auna shi da tauraron ɗan'adam sun nuna tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba, kwarin kudu ya tsaya, wasu shekarun ma ƙaruwa yake, kowa ya ga ambaliyar 2022. Waɗancan sun ɗauki shekarun cika suka ce haka zai dawwama, waɗannan sun ɗauki shekarun fari suna cewa haka zai dawwama. Sannan in an cika tafkin ya koma girman 1963, filayen da mutane ke noman masara da wake da kiwo a kansu duk ruwa zai shanye. Su ma Kwango ba su ce sun yarda a ɗebi ruwansu ba.

Kwamared: Kwangila ce, Injiniya. Na faɗa maka.

Bafulatanin Adamawa: Kafin a kawo ruwan Kwango, a fara samar mana hanyar da za mu kai shanu bakin wanda ke nan ba a karɓe su da bindiga ba.

Baba Kaka Barno: Yau dai bawana ya yi magana. Mu ma masakwar nan, a bar mu mu koma Marte mu dasa ta lafiya, ba mu roƙi inji ba.